Damaris Mai Citta da Haƙoran Uwarta

Duk wanda ya saba bin hanyar Madakiya zuwa Kafanchan a watan Disamba ya san Damaris, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke zama a kan falalen dutse bayan coci, da 'yar wuƙa a hannu, tana tsaga citta tana watsawa a rana. Shekarunta arba'in da shida, kuma talatin da uku daga ciki a kan wannan aikin suka tafi. Tafin hannunta ya yi kanta, yatsun sun tsattsage, zafin citta ma ya daina damunsu. Ba ta da yawan dariya, ba ta kuma neman kowa da faɗa. Sai dai in kana so ka ga wuƙar nan ta ƙara sauri, ka tsaya ka tambaye ta lafiyar ƙanwarta Hephzibah.

Ubansu ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan tun jirgin ƙasa yana da rai. Ya rasu Damaris tana aji ɗaya a sakandare, Hephzibah kuwa ko yaye ta ba a yi ba. Uwarsu, Mama Emilia, ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce babba ta ajiye littafi ta kama fartanya, a samu abin da za a ci. Haka Damaris ta goya ƙanwarta a gona, ta wanke ta, ta yi mata kitso, kuma cittar da ta tsaga ce ta kai yarinyar har jami'a. Yanzu Hephzibah tana aikin ofis a Abuja, tana zuwa gida da Kirsimeti, wani lokaci da Ista. Damaris kuwa ta auri Nelson magini, mutum mai shiru-shiru, suka yi ɗakinsu daidai inda in Mama ta ɗaga murya za a ji.

Kuma tana ɗagawa. Kowace safiya Damaris ce mai kai kunun acca, mai ɗebo ruwa, mai tsayawa a kai sai an haɗiye maganin hawan jini. Godiyar da take samu ita ce kunu ya yi zafi, ko ya yi ruwa, ko ta makara. Hephzibah takan bugo waya ranar Lahadi da yamma, minti goma, wataran ma ba ta kai ba. Wannan minti goman Mama za ta yi ta maimaita wa maƙwabta har wata Lahadin.

Ba sai an ɓoye ba, Damaris tana kishin ƙanwarta. Ta san da haka, ta sha durƙusawa ta roƙi Ubangiji ya cire mata, ta tashi ta same shi yana nan inda ta bar shi. Ba motar Hephzibah take ƙyashi ba, ba kuma gidan Abuja ba, don ta je sau ɗaya ta ce ita ba za ta iya zama inda mutum bai san sunan maƙwabcinsa ba. Abu ɗaya take so, uwarta ta buɗe baki ta ce ta ga abin da ta yi. Sau ɗaya ma ya isa.

Sai ga maganar haƙori. Mama Emilia tana da matauni biyu da suka yi kogo, ɗaya hagu ɗaya dama, kuma tana da tsoron mai cire haƙori irin wanda ba a lallashi. Tana 'yar shekara goma sha biyar aka kai ta wurin wani mutum a kasuwar tasha, maza uku suka danne ta, ya sa filaya ya ja, haƙorin ya karye a ciki. Ta yi wata guda da kumburarren kunci. Tun daga ranar ko warin asibiti ta ji sai ƙafafunta su ƙi tafiya. Yanzu da ciwon ya taso mata, an gwada kanumfari, an gwada ruwan gishiri, har wata maƙwabciya ta kawo shawarar a ɗiga ruwan batir, Damaris ta kore ta daga gidan. Sau uku tana kai uwarta bakin ƙofar asibiti, sau ukun tsohuwa tana juyawa. Wata huɗu ba ta cin komai sai kunu da fate, shi ma sai an tace.

Hephzibah, daga kan kujerarta a Abuja, ta yi waya biyu ta gano wani asibitin haƙori a nan cikin Kafanchan, inda wata nas ke zuwa daga Jos sau biyu a wata don masu tsoro, tana yi musu allurar kwantar da hankali. Ta bugo ta faɗa wa Mama. Damaris tana tsaye da kofin kunu a hannu ta ji uwarta ta ce, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, “To, tunda Hephzi ya ce, zan je.” Wata huɗu na roƙo da magiya bai yi abin da minti uku suka yi ba. Damaris ta ajiye kofin da ƙarfi har ya zuba, ta fita ba ta goge ba.

Duk da haka ita ta raka ta, don babu wani. Likitan, Dakta Umar Faruk, ya duba bakin, ya auna jini, ya sa musu rana, ya ce ɗaya za a fara cirewa, ɗayan bayan mako uku, saboda shekaru. Nas ɗin, Rabi'a, 'yar gajeriya mai magana a hankali, ita ta yi wa Damaris bayani.

“Ba barci za ta yi ba,” in ji ta. “Idonta biyu, in an ce ta buɗe baki za ta buɗe. Tsoron ne kawai zai sake ta. Kuma yawanci in ya wuce ba sa tuna komai. Kar ta ci abinci da safen, kar ki ɗora ta a mashin, ki sami keke mai ƙafa uku. Kuma ranar gaba ɗaya kar ki bar ta ita kaɗai.”

Damaris ta ce a ranta, yaushe na taɓa barin ta.

Ranar aikin Mama ta hau kujerar, ta riƙe zanen Damaris tamau. Rabi'a ta maƙala mata wani ɗan abu a yatsa mai ƙara ɗit-ɗit, ta nemi jijiya a bayan hannu ta sa allurar, tana tura maganin kaɗan-kaɗan tana kallon fuskarta. Ba a daɗe ba yatsun da ke riƙe da zanen suka saki. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin da ɗori tana gudun wannan kujera ta kalli fitilar da ke kanta ta ce tana da kyau. Likita ya kashe dasashin da wata allurar, ya yi aikinsa, kafin Damaris ta gama addu'ar da ta fara a zuci an jefa haƙorin a ɗan kwano.

Aka kai su wani ɗaki a gefe, aka ce su zauna awa ɗaya maganin ya sake ta. Mama tana kwance da auduga a kunci, idanunta sun yi nauyi. Can sai ta lalubo hannun Damaris ta juya shi, ta dinga bin tsagar yatsun da babban yatsanta. Da ta yi magana, da yaren gida ta yi, yaren Bajju, wanda nas ɗin ba ta ji.

“Wa ya yi wa hannun nan haka?”

“Citta ce, Mama.”

“Ba citta ba ce. Ni ce.” Maganar tana fita a daddafe saboda audugar, amma kowace kalma ta fita. “Ranar da na ce ki bar makaranta kin je bayan rumbu kina kuka. Na ji ki. Na yi kamar ban ji ba. Kin sha wahalata, 'yata.”

Ta jawo kan Damaris ta ɗora a ƙirjinta tana shafa ɗankwalin. Damaris, mace mai jikoki biyu, ta yi kuka har majina. Ba ta tuna ranar ƙarshe da hannun nan ya taɓa kanta ba. Rabi'a ta shigo ta ga haka, ta miƙo mata takardar share fuska ta ce kar ta damu, maganin yana sa su surutu.

“Abin da suna faɗa, gaskiya ne?” Damaris ta tambaye ta.

“Wani gaskiya, wani mafarki. Shekarata takwas ina wannan aikin, ban iya rarrabewa ba.”

Washegari Damaris ta tashi da sassafe ta dama kunu da kulawa, ta sa tsamiya daidai, ta shiga ɗakin uwarta da shi. Mama ta ce ita dai ta tuna an soka mata allura a hannu, sai kuma ta ga kanta a gida. Ta kurɓi kunun ta ce ya huce da yawa. Damaris ta tsaya tana jiran ko wani abu zai biyo baya, ba abin da ya biyo.

Ranar Lahadi Mama ta ce za ta yi godiya a sujada. 'Yan Zumuntar Mata suka rako ta gaba da rawa da kiɗan tulu, ta ajiye baikonta, aka ba ta abin magana.

“Ina gode wa Ubangiji don yarinya na na Abuja,” in ji ta. “Shi ne ya nemo mini likita. Wata huɗu ban ci nama ba, wata huɗu ban yi barci ba. Hephzibah ya ce, Mama, je ka, na je, ko zafi ban ji ba. Ku taya ni sa masa albarka.”

Ikkilisiya ta ce amin. Damaris ma ta ce amin, don mutane suna kallon ta. Da aka tashi mata suka yi ta kama hannunta suna cewa ta yi sa'ar ƙanwa. Ta koma gida ta zauna a kan turmi da kayan coci a jikinta, ko ɗankwali ba ta cire ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne babu wanda za ta ce wa komai. Maganar da ta jira shekara talatin an faɗa mata, amma babu mai shaida, kuma wadda ta faɗa ɗin ma ba ta san ta faɗa ba.

Da yamma waya ta shigo. Bayan Mama ta gama dariyarta, Hephzibah ta ce a ba Sista, wato Damaris.

“Sista, sannu da ƙoƙari. Na biyun nan zan ɗauki hutu in zo in raka ta da kaina, ki ɗan huta. Wace rana suka ba ku?”

Katin asibitin yana cikin Littafi Mai Tsarki na Damaris, kuma ta haddace abin da ke jiki, Alhamis sha huɗu ga wata. Ta ji bakinta ya ce, “Alhamis, ashirin da ɗaya.”

Matar da ba ta taɓa cusa jiƙaƙƙiyar citta a tsakiyar buhu ba, ita ce ta yi wannan ƙaryar, kuma ba ta yi nadama ba. A ganinta an bar wa Hephzibah makaranta, an bar mata Lahadi, an bar mata gaban coci. Awa ɗayan nan ta ɗakin gefe kaɗai ce tata, ba za ta bayar ba. Ta kwanta tana hango Mama tana juya hannun Hephzibah mai laushi, tana faɗa mata abin da ya fi wanda ita ta samu, sai ta ji kamar an zuba mata barkono a ƙirji. Bayan haka kuma akwai tambayar da ta fara yi mata yawo a kai. Nelson ya lura da ita tana goge zanen Mama ranar Laraba, ya ce ba ya ji ta ce wa Hephzibah mako mai zuwa ba? Ta ce ya ci tuwonsa.

Alhamis ta zo, komai ya tafi kamar na farko, sai dai wannan haƙorin ya ɗan yi gardama, likita ya daɗe a kai. Aka kai su ɗakin gefe. Damaris ta ja kujera kusa, ta ɗora hannunta a kan gadon, tafin yana sama, daidai inda Mama za ta same shi. Mama ba ta kula shi ba. Ta yi maganar akuyarta da ta ƙi cin dusa. Ta yi maganar jirgin Inugu da yake iso wa tasha da asuba a zamanin mijinta, da matan da ke sayar da rogo a bakin taga. Ta tambaya ko an rufe kaji. Damaris tana kallon agogon bango, rabin awa ta wuce, sannan minti arba'in. Rabi'a ta leƙo ta duba abin yatsan ta ce saura kaɗan su tafi.

Da nas ta fita, Damaris ta sunkuya kusa da kunnen uwarta. Ta san abin da za ta yi bai dace ba, tambayar mutum alhali ba shi da ikon kama bakinsa. Ta yi tambayar da yaren gida, murya ƙasa-ƙasa.

“Mama, tsakanina da Hephzibah, wa kika fi so?”

Mama ba ta ko yi jinkiri ba. “Hephzi mana,” in ji ta, kamar an tambaye ta yau wace rana. “Tun tana ciki. Ban san dalili ba. Na yi addu'a a kai, bai canza ba.”

“Ni fa?”

“Ke ai kina nan.” Ta lumshe ido. “Gyara mini filon nan.”

Damaris ta gyara filon. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta kama maganar Rabi'a ta riƙe da hannu biyu, cewa wani gaskiya ne wani mafarki. Amma in wannan mafarki ne, to na mako uku da suka wuce ma zai iya zama mafarki. In wancan gaskiya ne, ba ta ga yadda za ta jefar da wannan ba. Da kanta ta tono, ba wanda ya aike ta.

A cikin keke Mama ta jingina da kafaɗarta tana gyangyaɗi. Sun wuce gadar jirgi ke nan waya ta yi ƙara, Hephzibah ce.

“Sista, an gama? Yaya jikinta?”

Damaris ta buɗe baki za ta ce an canza musu rana, Hephzibah ta riga ta.

“Asibitin sun turo mini saƙon teks tun Litinin, ai lambata ce a wurinsu. Na ga kamar kina so ki raka ta ke kaɗai, shi ya sa na bari. Ba komai, Sista. Na gode.”

Da zagi ta yi da ya fi sauƙi. Damaris ta ce to, ta kashe wayar. Ko a nan ma yarinyar ta fi ta, kuma ba ta ma san ana gasa ba.

Ta kwantar da Mama, ta zauna a bakin ƙofa tana gadin ta kamar yadda aka ce, ba ta je gona ba, ba ta dafa wa Nelson komai ba. Wajen ƙarfe biyar tsohuwa ta farka sosai, idonta ya washe. Ta taɓa kuncinta, ta tambaya ko an cire. Damaris ta ce an cire, ta kawo ruwa a kofi da sabuwar auduga. Mama ta daɗe tana kallon ta, irin kallon da ba ta saba yi ba.

“Ban yi surutu a can ba?”

“Kin yi maganar akuya.”

“Ita kaɗai?”

“Da jirgin Inugu.”

Mama ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo. “Na gode Allah. Matar fasto ta ce mini maganin nan yana buɗe cikin mutum. Tun da ta faɗa ban samu sukuni ba. Yau da safe ba filaya nake tsoro ba.” Ta kawar da kai wajen bango. “Akwai maganar da ba na so ki ji, Damaris. Ba na so ki ji ta har in mutu.”

Damaris ta tsaya da audugar a hannu. Yanzu ta san ba mafarki ba ne. Ta kuma gane cewa tsohuwar nan ta daɗe tana ɗauke da abin, tana ɓoye mata shi iyakar ƙarfinta, kuma a tunaninta har yau ta ɓoye.

“Ban ji komai ba, Mama,” in ji ta. “Buɗe bakin in canza miki.”

Mama ta buɗe, Damaris ta zare audugar da ta jiƙe da jini, ta sa sabuwa, ta ce ta cije a hankali.